Mangwaron da Aka Dasa da Ledarsa

Akwai wani mutum mai aikin lambu, sunansa Habila, yana aiki a wani gidan marayu da ke bakin gari. Gidan ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da masu tsoron Allah suka kawo, shi ake ci. Wannan ya aiko da buhun masara, waccan ta kawo sabulu, wata ikilisiya ta tara baiko, wato kyautar masu ibada, ta aiko. Da haka yara arba'in da 'yan kai suke ci, suke sha, suke zuwa makaranta. Mai kula da gidan wata mace ce, Mama Keziya, mace mai ƙoƙari, wadda ta fi kowa iya godiya a garin, don ta san da bakinta ake cika rumbun gidan.

Habila shi ke share fili, shi ke yanke ciyawa, shi ke noma ɗan lambun da ke bayan ɗakin girki, inda ake samun alayyahu da kuɓewa da yakuwa. Mutum ne mai albarkar hannu, abin da ya sa a ƙasa da wuya ya ƙi. Aibinsa ɗaya ne, kunya. In babba ya taka masa ƙafa, shi ne zai fara cewa a yi haƙuri.

Abin da ke damunsa a gidan shi ne tsakar gida. Fili ne fetal, babu itace ko ɗaya, sai rumfar kwano inda yara ke cin abinci. In bazara ta yi, ba mai iya zama a rumfar nan. Yara su ɗauki farantansu su jeru a jikin katanga, suna bin 'yar inuwar da ba ta kai taku biyu ba, ƙananan cikinsu duk wuya ya cika da ƙurajen zafi. Habila ya yi shekara uku yana roƙon a samo masa dashe. Daga ƙarshe Mama Keziya ta kai maganar wurin masu taimakon gidan, suka amsa, suka ce za su zo su dasa da hannunsu.

Aka sa rana a farkon damina. Aka kawo dashen mangwaro guda goma, kowanne a cikin baƙar leda mai kauri, yadda masu renon dashe ke sayar da su. Habila ya haƙa ramuka goma tun da sauran mako ɗaya, ya zuba taki, ya gauraya da ƙasa mai kyau. Ran nan ya wanke rigarsa ya tsaya gefe da bokiti, ransa fari ƙal.

Baƙi suka zo da motoci. Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Sannan aka kira babban cikinsu, Dattijo Istifanus, wanda shi ya gina wa gidan rijiya, aka ce shi zai fara. Dattijo ya sha farar babbar riga. Mutumin kirki ne, amma a birni aka haife shi, bai taɓa dasa ko barkono ba. Ya ɗauki dashen da 'yan yatsu kada ƙasa ta taɓa masa riga, ya saka shi a rami yadda yake, leda da komai. Aka miƙa masa shebur, ya tura ƙasa ya rufe. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Habila ya ga abin da ya faru. Ya yi taku ɗaya, ya buɗe baki. Mama Keziya ta juyo ta yi masa wani irin kallo, irin wanda ke cewa yau ba ranar maganar mai lambu ba ce. Sai ya rufe bakinsa ya koma wurin bokitinsa.

To, ku kun san halinmu. Tunda babba ya yi haka, ai haka ake yi. Na biyu ya saka nasa da leda, ta uku ta saka nata da leda, har mutum tara. Cikinsu akwai waɗanda suka tashi a ƙauye, sun san ba daidai ba ne, amma wa zai yi abin da zai nuna Dattijo ya yi kuskure? Ta goma wata tsohuwa ce daga zumuntar mata ta ikilisiya, wadda ta zo a bayan mota da ƙullin daddawa ta kawo wa yara. Ita kam ta durƙusa a ƙasa, ta sa farce ta yage ledar, ta warware saiwar da yatsa, ta dasa, ta danna ƙasa da tafin hannu. Wasu suka yi dariya ganin yadda ta ɓata zanenta. Da ta miƙe, sai ta dubi Habila ta ce masa a hankali, "Mai lambu, ka dai gani da idonka."

Ya ce, "Na gani, Iya. Gobe zan gyara."

Da gaske ya yi niyya. Amma washegari da sassafe sai ga magini ya zo da bulo da siminti. Ya kewaye kowane dashe da ɗan gini, ya kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunan wanda ya dasa. Mama Keziya ta tara yara da ma'aikata ta ce, "Waɗannan itatuwa amana ce. Hannun manya ne ya dasa su. Kada in ga kowa ya taɓa, ban da ban ruwa." Habila ya ce a ransa bari siminti ya bushe tukuna. Da ya bushe, ya ce bari a kwana biyu hankalin Mama ya kwanta. Kafin ka ce me, ruwan sama ya sauka sosai, dashen duk suka yi kore shar, suka fid da sabon ganye. Sai ya fara ce wa kansa wataƙila ledar za ta ruɓe.

Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Shi da kullum fartanyarsa ke tono ledar da aka binne tun kafin a gina gidan, tana nan yadda take?

Damina ta wuce, rani ya shiga, wata damina ta zo ta wuce. Mangwaron tsohuwa ya wuce tsawon mutum, ya yi rassa. Sauran tara kuwa suna nan inda aka bar su, iyakarsu ƙugu. Da rani na biyu ya kama, ganyensu ya soma yin rawaya, bakinsa yana ƙonewa. Habila ya ninka ban ruwa, safe da yamma yana jido daga rijiya har kafaɗarsa ta yi kanta. Ya nemo kashin shanu ya zuba, ya barbaɗa toka, ya yi musu shinge da kara saboda rana. Duk wanda ya gan shi sai ya yaba, ya ce ba a taɓa mai lambu irinsa ba. Shi kuwa yabon nan ba ya masa daɗi ko kaɗan.

Wata rana Mama Keziya ta tsaya a kansa ta ce, "Malam Habila, wai me ke damun itatuwan nan ne?"

Ya ce, "Gara ce, Mama."

Aka sayo maganin gara. Bayan wata guda ta sake tambaya, ya ce ƙasar wurin ce ba ta da ƙarfi. Da ta nuna masa na tsohuwa, wanda ke tsaye a ƙasa ɗaya da su, sai ya ce ai dashe ma kowane da irin jininsa. Mutumin da ba ya iya yi wa babba gardama, ga shi ya iya yi masa ƙarya har sau uku.

Yara kuwa sun ɗauki abin da zafi, don su aka yi wa alkawarin inuwa. A sujadar safe, in an ce wa ke da abin addu'a, sai hannuwa su tashi, a ce a yi wa mangwaro addu'a. Habila yana tsaye a baya yana cewa amin. Da bazara ta tsananta, ruwan rijiya ya ja baya, aka rage wa kowa ruwan wanka zuwa rabin bokiti. Ran nan da safe ya fito, sai ya ga 'yan mata ƙanana sun jeru, kowace da ɗan kofi, suna rage ruwan wankansu suna zuba wa itatuwan. Ya tsaya yana kallon ruwan nan yana shiga ƙasa, ya san ba inda za shi. Ranar ya kasa cin abinci.

A makon nan guda ɗaya cikin itatuwan ya bushe ƙurmus. Habila ya ɗauki diga ya tone shi, ya ɗauke shi yadda yake, ya tafi ofishin Mama Keziya ya ajiye a ƙasa gabanta. Ya sa wuƙa ya tsaga ledar. Saiwar ta yi ta zagaya kanta a ciki, ta naɗe kamar gammo, ta shaƙe kanta. 'Yan siraran jijiyoyi biyu ne kawai suka sami ƙananan hujojin da ke gindin ledar suka fita.

Ya ce, "Mama, ba gara ba ce, ba ƙasa ba ce. Ga abin da ke kashe su. Duk taran haka suke. Tun ranar da aka dasa na gani, na yi shiru. Ƙarya na yi ta yi miki."

Mama Keziya ta daɗe tana kallon abin. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Shekara biyu, Malam Habila! Kana kallo yaran nan suna addu'a?"

Ya ce, "Ina kallo, Mama."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tuna da kallon da ta yi masa ranar dashen, ta fasa. Can ta ce, "To, yanzu mene ne abin yi?"

Ya ce da zarar ruwan farko ya sauka zai tone sauran takwas ɗin, ya yanke ledar, ya datse saiwar da ta naɗe, ya rage rassa, ya mayar. Bai ɓoye mata komai ba wannan karon. Ya ce, "Za su zubar da ganye duka. Sai sun yi wajen wata guda kamar sandunan da aka kafa. Wanda ya gani zai ce na kashe su."

Mama Keziya ta dafe kai. Saura mako biyar masu taimakon gidan su zo taron godiya na shekara. Ta yi ta saƙe-saƙe, daga ƙarshe ta ce, "Tone bakwai. Amma na Dattijo kam, ka bar shi har su zo su tafi. Shi ne a bakin ƙofa, kuma da sauran ganye a jikinsa. Ba zan iya nuna wa mutumin da ya gina mana rijiya sanda da sunansa a jiki ba."

Habila ya ce, "Mama, in ruwa ya yi yawa zai taru a ledar."

Ta ce, "Mako nawa ne? Ka bar shi."

Ruwan farko ya sauka bayan kwana goma. Habila ya tone bakwai, ya yi musu yadda ya ce, suka kuwa zubar da ganye yadda ya ce. Daga nan sama ta buɗe, aka yi ta ruwa kusan kullum.

Ranar taro baƙi suka shigo suka ga abin da ya ba su haushi. Kowa ya nufi allon sunansa ya tarar da sanda tsirara. Aka fara gunaguni, wata ma ta ce in haka ake riƙon abin da aka kawo, gara mutum ya san inda zai kai taimakonsa. Mama Keziya tana ta murmushin dole. Dattijo Istifanus ya tsaya wajen nasa, ya ga 'yan ganye a jiki, ya ji daɗi. Ya sa aka kira mai lambu, ya ce masa a gaban kowa, "Kai, me ka yi wa na sauran? Ga nawa da ba ka taɓa ba yana nan da ransa."

Habila ya dubi taron. Mutanen nan ne dai, wurin nan ne dai, ga Mama a gefe. Ya cire hularsa ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ranar da kuka dasa, ba a cire ledar ba. Kai ka fara, sauran suka bi. Na gani ban faɗa ba. Waɗannan bakwai na cire musu, za su tashi in Allah ya yarda. Naka ne ban cire ba, kuma shi na fi ji wa tsoro."

Dattijo ya dubi itacen, ya dubi Habila, ya ce, "Ana cirewa ne?"

"Ana cirewa, Baba."

"To, tone shi yanzu in gani."

Habila ya kawo diga. Tun kafin ya kai gindin, wari ya bugi hancin waɗanda ke kusa. Ledar ta cika da ruwan sama, ƙananan hujojinta saiwa ta toshe su, ruwan ya rasa hanyar fita. Da ya tsaga, sai baƙin ruwa ya zubo. Saiwar ta ruɓe, tana saɓulewa a hannu. Ganyen da ke sama ragowar ƙarfin itacen ne kawai, ya riga ya mutu daga ƙasa.

Dattijo bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi wa Habila sauƙi. Ya ce, "Ɗana, ni ban sani ba. Da ka ce mini ranar, Baba a cire leda, da na sunkuya na cire, a yi mini dariya ta minti ɗaya, shi ke nan. Ka hana yaran nan inuwar shekara biyu don kada in ji kunya? Wa ya ce maka girmana ya kai haka?"

Mama Keziya ta ce, "Baba, ni na hana shi. Har sau biyu."

Ya ce, "To, ku biyu kun girmama ni, kun kashe mini itace."

Bayan mako ɗaya, bakwai ɗin nan suka fid da jan toho. Aka sayo dashe biyu aka cike gurbin waɗanda suka mutu. Itatuwan suka girma, tsakar gidan ta yi inuwa, yara suka koma cin abinci a zaune. Amma kafin inuwar ta isa a zauna, manyan yaran da aka yi wa alkawari sun gama makaranta sun bar gidan. Waɗansu daga cikin 'yan matan da suka riƙa rage ruwan wankansu ba su taɓa zama a ƙarƙashinta ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Dashen nan mu ne, gidan kuwa ikilisiya ce. Da yawanmu an dasa mu a wuri mai kyau. An yi mana baftisma, an rubuta sunanmu, an tafa. Amma mun shigo da ledarmu ba a yage ba. Kowa ya san tasa. Wani gabar da yake yi da ɗan'uwansa ce tun rasuwar mahaifinsu. Wata kuwa abin da ta ɗaura a ƙugu ne, ko ta binne a ɗaki, wai ko da addu'a ba ta yi aiki ba. Wani kuma wani hali ne da ba wanda ya sani sai shi da Allah. Ƙasa ta rufe, daga sama ba a gani. Sai mutum ya yi shekara goma yana shan wa'azi kowace Lahadi, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin taron addu'a, amma tsawonsa na nan inda yake ranar da ya tuba. Ya ce fasto ne ba ya wa'azi da kyau, ya ce maƙiya ne. Ba ruwa ne ya yi kaɗan ba. Ruwan yana zuwa, saiwar ce ba ta fita ta kama ƙasa ba. Ku kuma lura, ruwan da ya raya bakwai ɗin, shi ne ya ruɓar da wanda aka bari a leda. Maganar Allah da mutum ke ji kullum bai bar ta ta ratsa shi ba, ba ta barinsa yadda ta same shi.

Yankewar tana da zafi, ba zan ruɗe ku ba. Wanda ya je ya roƙi gafarar ɗan'uwansa, ko ya fito da abin da ya ɓoye ya ƙone, zai yi kwanaki kamar sandar da aka kafa. Mutane za su yi magana. Amma shi ne zai yi toho.

Sai dai ba don dashen kaɗai na ba da misalin nan ba. Na ba da shi ne don Habila, gama Habila ya fi yawa a cikinmu, ni ma mai maganar nan na sha zama shi. Muna gani. Uwa tana ganin inda ɗanta ya nufa, malami yana ganin ɗalibinsa, aboki yana ganin abokinsa. Mun san inda ciwon yake, sai mu yi shiru, mu kira shirun ladabi. Maimakon kalma ɗaya mai wuya, sai mu ninka hidima, mu kai abinci, mu kai gaisuwa, mu ce muna sa shi a addu'a. In mai kuskuren babba ne kuwa, ko mai ba da baiko da yawa, shi muke bari ƙarshe, shi ne kuma yake fara ruɓewa. Ban ce ku tafi kuna yi wa manya rashin kunya ba. Habila ya cire hularsa kafin ya yi magana, ya kuma fara da laifin kansa. Amma ya yi maganar.

Kada kuma wani ya ce ai Allah mai gafara ne, ko yaushe aka gyara daidai ne. Gafara kam akwai, Habila ma an gafarta masa. Shekarun ne ba sa dawowa, kuma sau da yawa ba mai shirun ne ke biyan su ba, ƙananan da ke jiran inuwa ne.

Saboda haka kafin ku tashi daga kujerun nan, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya ga abu a kansa ya yi shiru. Na san kun riga kun tuna, sunan ya zo muku tun ina tsakiyar labari. A cikin makon nan ku je ku same shi shi kaɗai, ku gaishe shi da kyau, sannan ku faɗa masa.